Asuwaki a Bakin Maliki

Ban zauna a aji ba, karatuna na yaƙi da jahilci ne da na yi da furfura a kaina, amma titin da ya tashi daga Birnin Kudu ya nufi Gwaram babu raminsa da bai san tayata ba. Na tuƙa shi yana jar ƙasa, na tuƙa shi da kwalta. Mota ta kife da ni a kansa, na fito ta taga na kaɗe rigata, kunnen hagu kaɗai na bari a wurin. Waɗanda muka fara da su duk suna ƙasa, ni ina nan ina cin tuwona. Saboda haka in na ce an cuci direba, to an cuce shi. Wanda ya cuci Maliki kuwa ba a kan titi yake tsayawa ba, gida ɗaya suke kwana.

Maliki direban motar haya ne a layin Gwaram. A tasha ba a kiransa da sunan yanka, Rediyo ake ce masa, don tun daga lodi har a sauke fasinjan ƙarshe bakinsa ba ya hutawa. Da bakin nan yake raba faɗan mata a kan kujerar taga, da shi yake wuce shingen 'yan sanda ya bar su suna dariya. Wata safiya bayan girbi yana alwala, buta ta suɓuce masa, ya kife a bakin rariya. Hawan jini ne, irin wanda ya kwantar da mahaifinsu har ya tafi da shi. Shi Maliki Allah ya taƙaita. Hannu ya dawo, ƙafa ta dawo, ido garau. Harshe ne bai dawo ba.

Ba bebancewa ya yi ba. Magana tana nan cike da kansa, ya san abin da zai ce. Amma in ta zo fita sai ta zama kamar fasinjan ranar kasuwa a ƙofa ɗaya, kowa na ture kowa, babu mai wucewa. In an yi masa haƙuri kalma takan fito, a jaye, kamar bakinsa cike da tuwo. In aka daka masa tsawa kuwa shi ke nan, ƙofar ta rufe. Gefen bakinsa na dama ya ɗan zube, wani lokaci yawu kan taru a wurin bai sani ba.

Ranar da likita ya duba shi na ƙarshe, da matarsa Rahamatu a wurin, da yayansa Alhaji Buba, wanda motar take tasa. Likita ya ce, "Zai iya komawa tuƙi, da rana, ba doguwar tafiya ba. Amma abu biyu. Maganin nan kada ya tsallake shi. Sannan ku kai shi wurin 'yan sandan da ke aiki a hanyarsa, a gaya musu halin da bakinsa yake ciki. Wanda bai san shi ba, in ya ji maganarsa zai zaci wani abu ya sha."

Alhaji Buba ya ce, "To, likita. In Allah ya yarda."

A lokacin nan mutanen wani babban gida na fataken shanu a garin Kwandiko suna neman auren Basma, 'yar Alhaji Buba. An kai gaisuwa, saura bincike. Kowa ya san yadda ake yin sa. Kafin a sa rana sai dangin ango sun turo mutum ya zaga unguwa a ɓoye, ya zauna wurin mai shayi, ya ja mai wankin hula da hira, har ya gangaro kan tambayar da ta kawo shi: gidan nan akwai ciwon da ke bin jini?

Bayan la'asar suka taru a ɗakin mahaifiyarsu, Inna Hapsatu. Rahamatu ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Yaya Alhaji, maganar da likita ya yi. Yaushe za a kai shi wurin 'yan sandan?"

"A kai shi a ce me? A ce ga ɗan Malam Munzali, ciwon ubansa ya kama shi? Abin da aka faɗa a caji ofis da safe, kafin azahar yana bakin mai shayi. Kafin magariba yana Kwandiko."

Inna ta gyara zama. "Ni ba na ma son ana kiran sunan abin nan a gidana. Ciwo in ana kiran sunansa zama yake yi. Baki aka yi wa yaron nan, yawan surutunsa ne ya ja masa."

"To Inna, ya zauna a gida har a gama biki."

Alhaji ya ce, "Ya zauna a ce me ya zaunar da shi? Direban da ke kan titi babu mai tambayar lafiyarsa."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro asuwaki sabo, mai kauri kamar ɗan yatsa, ya miƙa wa ƙaninsa.

"Riƙe. Daga ka fita ƙofar gida ka sa shi a baki, ta gefen nan da ya karkace. Mai asuwaki ba a jiran maganarsa. In an gaishe ka, ɗaga hannu. Kiran fasinja kuma aikin kamasho ne, ba naka ba."

Sannan ya karɓi maganin daga hannun Rahamatu, ya ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a farar leda ya ƙulle, kamar ƙullin gishiri. Kwalin ya miƙa wa Inna. "A jefa a murhu. Akwai rubutu a jiki, yaran yanzu kowa ya iya karatu."

Maliki yana zaune yana kallo. Abin da ke kansa shi ne: Yaya, ni fa ba yaro ba ne, a tambaye ni mana. Ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ya... Yaya..."

"Na ji," in ji Alhaji, yana neman takalminsa. "Ba sai ka gode ba."

Gaskiya ita ce shi ma yana son komawa. Kwanciya ta ishe shi, tafin hannunsa ƙaiƙayin sitiyari yake. Washegari ya shiga tasha da itace a baki.

"Rediyo, batir ne ya mutu?"

"Ku ƙyale shi, ustazu ya zama. Haƙoran nan sai sun fi nono fari."

"Ko uwargida ce ta kai ƙara bakinka na wari?"

Kowace magana yana da amsarta a kansa, amsar da a da sai an riƙe ciki don dariya. Ya ɗaga hannu, ya shiga mota, ya ja ƙofa.

A shingen da ke hanyar akwai wani tsohon saja mai suna Musbahu, wanda ya daɗe a layin har ya san 'ya'yan direbobi da sunayensu. Rana ta farko ya ce, "Rediyo, yau babu labarai?" ya ɗaga masa hannu ya wuce. Rana ta biyu ya tsaya ya dubi fuskarsa da kyau. Ta uku ya ce, "Sauko ka buɗe but ɗin baya mu gani."

A bayan mota, inda fasinja ba sa ji, ya ce, "Cire itacen nan ka gaya mini."

Maliki ya cire. Saja ya jingina da mota yana jira, kamar ba shi da wani aiki a duniya. Motoci suka taru a baya suna ham, bai waiwaya ba.

"Ha... hawan... ji... jini."

"Inna lillahi. Haka mahaifiyata ta yi." Ya dafa kafaɗarsa. "Saurara. Ƙarshen wata za a canza mu. Yara sababbi za a kawo, daga horo suka fito, an cika musu kunne da maganar direbobi 'yan ƙwaya. Ka sa yayanka ya kawo ka ofis lokacin faretin safe, a nuna musu fuskarka, a ce wannan haka bakinsa yake, a riƙa yi masa haƙuri. Shi ke nan fa. Kafin shayi ya huce an gama."

Sajan nan bai tsaya a baki ba. Ranar Juma'a bayan masallaci ya zo har ƙofar gida cikin kayan gida, ya yi sallama da Alhaji Buba. Maliki yana daga cikin zaure yana jin su.

"Ai ofisa ciwon haƙori ne ya kumbura masa baki, shi ya sa ka gan shi da asuwaki. Ya kusa warkewa. Mun gode da kulawa, Allah ya ƙara girma."

"Alhaji, shi da kansa ya ce mini..."

"Wa ke gane abin da mai ciwon haƙori yake faɗa?"

Babur ɗin saja na ɓacewa Alhaji ya faɗo zauren.

"Ɗan sanda a ƙofar gidana, a satin da mutumin Kwandiko yake zaga unguwa? Bakin da ba ya aiki, a nan ya ga damar yin aiki? So kake a fasa auren yarinyar nan ka ji daɗi?"

Wata ya ƙare, aka canza su.

Duk direba ya san shinge da baki ake wuce shi. Ka rage gudu, ka sauke gilas, ka ce ofisa sannu da aiki, ya rana, ka jefa 'yar maganar da za ta sa ya murmusa. Shiru a shinge zagi ne. Shiru da itace a baki kuwa, kana kallon mutum yana sanye da kaki, wannan ya wuce zagi.

"Kai direba, ana yi maka magana kana tauna kamar akuya?"

Maliki ya koyi miƙa takardun mota tun ba a tambaya ba. Wata rana su karɓa su jefo masa, wata rana su ajiye shi a gefe rana na dukan fasinja, har mata su fara tsaki. Wani kofur siriri, mai sabon takalmi, shi ya fi sa masa ido. Shi ya fara fizge asuwakin ya jefar, ya ce in ya sake ganin sa sai ya sa shi ya haɗiye. Maliki ya isa Gwaram da bakinsa a fili, yawu na sauka a kan rigarsa, yana jin wata tsohuwa a baya tana raɗa wa ta kusa da ita, "Direban nan kuwa a hayyacinsa yake? Dubi idonsa." Idon ja yake, don barci ya daina zuwa masa. Da ya dawo gida Alhaji ya ba shi wani asuwakin. Ya sayo su da yawa, damin guda.

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Alhaji ya ce akwai wata gwaggon ango da ke sayar da abinci a ƙofar asibitin, ba za a kai mata labari har gaban tukunya ba. Magani shi yake sayowa a Kano in ya je fatauci, ya ɓare a hanya, ya kawo a leda. Kai ya fara sara wa Maliki ta ƙeya. Dasashinsa na dama ya tsage saboda itace, in ya tofar da yawu sai da jini.

Rahamatu ta sake samun Inna, Alhaji yana wurin.

"Inna, jiya marinsa aka yi. Ga shatin yatsu a fuskarsa. In babu mai zuwa ni zan je in gaya musu."

"Matar aure a caji ofis? Da izinin wa? Ni na haife shi, na fi ki jin ciwonsa. Mari ba ya kisa."

Alhaji ya ce, "In kika taka ƙofar caji ofis, daga can ki zarce Yalwan Damai gidanku. Ke ba ki da haƙuri ne? Kwana nawa ya rage? A ɗaura auren nan, ni da kaina zan riƙe hannunsa har gaban DPO."

Ita kaɗai ce a gidan take jiran maganar Maliki har ta ƙare. Da yamma takan ɗauko faifai tana tsintar shinkafa, ba ta kallonsa, don ta lura in ana kallon bakinsa ya fi ƙullewa. Ranar nan ta ce, "Malam, kai ne mijina, ba Yaya Alhaji ba. In ka ce je ki, gobe zan je, ko da sakin ne a bayansa."

Ya daɗe. Basma yake tunawa tana 'yar ƙarama, in ya dawo daga aiki ta hau cinyarsa ta kama sitiyari tana ham da baki. Kuma ya san yarinyar tana son yaron nan na Kwandiko.

"Ba... bari... a yi... bikin."

Rahamatu ta ci gaba da tsintar shinkafa, ta daɗe tana tsintar wuri ɗaya.

Binciken ya wuce lafiya, aka sa rana. Ana gobe ɗaurin aure, Alhaji Buba ya ce Maliki ya kai shi Kwandiko ya ga gidan da aka yi wa amarya jere. A dawowa baffan ango, Alhaji Abdulnasir, ya biyo su don ya karɓi goro da alawa a Birnin Kudu. Shi ne ya jagoranci binciken, dattijo mai ƙananan idanu da ba ya barin komai ya wuce shi. Alhaji Buba a gaba kusa da direba, baffan ango a baya. Tun da suka taso Maliki yake jin idon dattijon a gefen fuskarsa.

Rana ta karkata suka iso shinge. Kofur ɗin nan siriri ne a tsaye. Ya ɗaga hannu.

"Kai ne dai. Me na ce maka a kan itacen nan?"

Maliki ya kai hannu zai cire, kofur ya riga shi, ya doke asuwakin da bayan hannu. Ya faɗa kan kwalta da jini a bakinsa.

"Daga ina?"

Kwandiko. Kalmar tana nan a kan harshensa, yana jin nauyinta. "Kwa... kwa..."

"Kwa me? Agwagwa ce kai? Fito."

Ya fito. Kofur ya kira abokin aikinsa. Suka juya shi ya dafa mota, suka lalube aljihu. Farar leda ta fito, a ƙulle kamar gishiri, ƙwayoyi farare da jajaye, babu kwali, babu suna.

"To. Ga ta nan." Kofur ya ɗaga ledar sama yadda kowa zai gani. "Dubi idonsa, dubi bakinsa. Da wannan kake ɗaukar rayukan mutane? Mene ne wannan? Yi magana."

Tsawa ce, ƙofa ta rufe. Maliki ya juya ya dubi yayansa ta gilashin gaba. Bai ji tsoro sosai ba a lokacin, don ga ɗan'uwansa nan zaune, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ɓare ƙwayoyin nan da hannunsa. Kalma biyu kawai yayan zai faɗa: hawan jini.

Daga kujerar baya Alhaji Abdulnasir ya ce a hankali, "Alhaji, ƙanin nan naka lafiya kuwa?"

Alhaji Buba ya buɗe ƙofa ya fito, ya gyara babbar riga. Bai dubi Maliki ba.

"Ofisa, a yi haƙuri. Ƙanina ne. Mun yi faɗan har mun gaji. Abokan tasha ne suka lalata shi."

Baffan ango ya sauke ajiyar zuciya, har Maliki ya ji ta daga inda yake. "Allah ya shirya. Wannan ai ba gidanku kaɗai ba ne, zamani ne, kowa yana da irinsa. Ni da na ga bakinsa gabana ya faɗi, na zaci irin ciwon nan ne na marigayi mahaifinku."

"A'a," in ji Alhaji Buba. "Allah ya kiyaye."

Kofur ya ce sai an tafi da shi ofis. Alhaji ya ja shi gefe, ya rage murya, amma Maliki kunnensa lafiya lau. "Ku riƙe shi ya huce. Gobe muna da taro, in an watse zan zo da kaina. Motar dai tawa ce, ga baƙo ina ɗauke da shi."

Aka ba shi makulli. Alhaji bai iya motar sosai ba, ya sa giya ta yi ƙara kamar ana yanka ta. Maliki yana tsugune a bakin titi, hannu a ƙeya, ya bi ta da ido har ta sha kwana.

A caji ofis, a bayan kanta aka karɓe masa hula da takalmi. Ledar aka ajiye a kan tebur a matsayin shaida. Ya nuna ta da yatsa, ya nuna bakinsa, ya haɗa hannu biyu yana roƙo, don lokacin shan na yamma ya yi. Mai kanta ya yi dariya har da buga tebur. "Ku zo ku ga ikon Allah. A nan ɗin ma so yake a ba shi ya ƙara." Suka tura shi ciki. Mutum biyu ya tarar, ɓarawon akuya da wani da ya fasa wa maƙwabcinsa kai a kan iyakar gona. Suka tambaye shi me ya yi. Da suka ji yadda yake magana suka matsa can gefe suka bar masa kusa da bokiti.

Kan ya ci gaba da sara. Ba ciwon ne ya fi cinsa ba, maganar ce take ta juyawa: mun yi faɗan har mun gaji. Shi da ko sigari bai taɓa sawa a bakinsa ba.

Gari ya waye yana kwance a kan siminti. Ya so ya tashi ya yi taimama, hannun dama ya ƙi zuwa. Ya dube shi yana nan a gefensa kamar hannun wani. Ƙafar ma haka. Can hantsi ya ji murya daga wajen mai kanta, muryar da bai taɓa jin ta ɗaga haka ba.

"Mijina na zo gani. Direban da kuka kama jiya."

An ce wa Rahamatu ya kwana a Gwaram wurin gyaran mota, alhali ga motar a ƙofar gida ana loda mata kujerun biki. A tasha wani ɗan kamasho ya gaya mata gaskiya. Ta hau babur da hijabin da take aikin tuwon biki da shi.

"Ɗan ƙwayar? Sai yayansa ya zo."

"Ba ɗan ƙwaya ba ne. Hawan jini gare shi, ya taɓa masa harshe. Wancan da ke kan teburinku maganinsa ne."

"Hajiya, kowace mata haka take cewa. Yayansa, Alhaji guda, uwa ɗaya uba ɗaya, a gabanmu ya faɗa. Ke kin fi shi sanin sa ne?"

"Ni nake wanke masa rigar da yake zubar da yawu. Ba sai kun yarda da ni ba. Ku buɗe ku ce ya ɗaga hannunsa."

Hayaniyar ta fito da sufeto daga ofishinsa. Ya kwance ledar, ya juya ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ya daɗe yana kallonta. Ya ce a buɗe. Haske ya faɗo a kan Maliki, ya ga takalma, ya ga gefen hijabi da garin tuwo a jiki. Sufeto ya tsuguna ya ce, "Malam, ɗaga hannunka." Ya ɗaga na hagu. "Ɗayan." Na dama bai motsa ba.

Sufeto ya miƙe ya juya kan Rahamatu, da faɗa, irin faɗan wanda ya tsorata. "Me ya hana ku zuwa ku gaya mana? Ga ofis a buɗe kullum. Mutum ɗaya ya tako ya ce direba kaza bakinsa haka yake. Yaro ya ga ido ja, ya ga baki na dalala, ya ga ƙwaya a leda, ɗan'uwa ya tabbatar. Me kuke so ya zata?"

Rahamatu ta durƙusa ta ɗora kan mijinta a cinyarta, a gaban maza, ta goge masa baki da hijabinta. Ya so ya ce mata ba laifinta ba ne, shi ya ce ta bari. Ya tattara duk ƙarfinsa. Ko rabin kalma ba ta fito ba.

A motar 'yan sanda aka kai shi asibiti. A daidai lokacin ana rabon goro da alawa a ƙofar gidansu, maroƙi yana faɗin an ɗaura.

Yanzu Maliki yana kwance a ɗakin da ke kusa da zaure. Ɓarin dama ya tafi, harshe ya tafi duka, likita ya ce a ci gaba da addu'a. Kunne ne bai tafi ba, shi ne abin tausayin. Yana jin masu dubiya in sun fito suna tsayawa da Alhaji a zaure, yana jin Alhaji yana cewa, "Ƙwaya ce ta shanye shi. Mun yi iya yinmu. Ku dai ku ja wa yaranku kunne." Yana jin Inna tana gaya wa mata abokan banza ne suka cuci ɗanta. Sun gano wannan ƙaryar ta fi ta haƙori amfani: Basma tana ɗakinta a Kwandiko, kuma akwai ƙannenta mata da ke tasowa, su ma za a zo bincike. Rahamatu ta bi gida-gida tana faɗin gaskiya, ta je tasha ta faɗa. Wasu sun yarda. Mafi yawa suka ce mace ta gari ke nan, tana rufa wa mijinta asiri. An ba motar wani direba. A tasha in za a yi wa sabon yaro nasiha sai a ce, ka ga yadda Rediyo ya ƙare.

Kofur ya yi mari, ban wanke shi ba, hannunsa zai ba da shaida. Amma shi baƙo ne, abin da aka nuna masa ya gani. Ni da kunnena ya mutu, babu shingen da ban tsaya ba tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, na sauko da ƙafata na ce, ku dube ni da kyau, hagu ba ta ji, in kuna da magana ku zagayo dama. Aka yi dariya, aka sa mini suna, na ci gaba da tuƙi har na gaji don kaina, babu ɗan sandan da ya taɓa ɗaga mini yatsa. 'Ya'yana mata duk sun yi aure, babu wadda aka dawo da ita saboda kunnen ubanta. Kuna da direba a gida mai in'ina, ko kurma, ko wanda ciwo ya taɓa wa baki, kuna sa masa makulli a hannu kullum safiya, ku tura shi wurin masu bindiga, sannan ku ce asirin gida kuke rufewa. Ba asiri kuka rufe ba. Bakinsa kuka toshe, kuka ajiye naku don ranar da za ku yi masa ƙarya.

Na je duba shi wata ranar Laraba da hantsi. Na tarar Rahamatu ta gama ba shi kunu, tana so ta wanke masa baki. Buroshinsa ya ɓata, sai ta ɗauko asuwaki daga ragowar damin nan da Alhaji ya sayo, ta tauna bakinsa ya yi laushi, ta kawo kusa da leɓensa. Maliki ya dubi itacen. Ya datse haƙoransa, ya juya fuska bango.

Ta tsaya da shi a hannu. Sannan ta ce, "Na ji, Malam." Ta fita tsakar gida, Inna tana zaune tana kallo, ta kwashi damin duka ta cusa a murhu.